Saitin Gajera da Cibiyar Girgije

Da sunan Allah mai saukar da ruwa inda ya so, mai riƙe shi inda ya so, mai ƙara wa tsoho shekaru ya rage masa ido. Ni ne Arzika ɗan Tunau ɗan Gagare, maharbin girgije na birnin Zangalma, wanda ke bayan tekun yashi, yamma da duwatsun da ba su da inuwa. Ba ni da yawan magana. Wannan labari sau ɗaya zan ba da shi, wanda ya samu ya karanta a hankali.

A ƙasarmu ruwan sama ba ya sauka da kansa. Sau ɗaya a shekara girgije guda yakan taso daga kudu, baƙi ƙirin, cike da ruwa kamar salka, ya zo ya tsaya a kan birni. Baƙo muke ce masa. A ƙarƙashin cikinsa akwai cibiya fara, daga ƙasa ba ta wuce ƙwayar goro a ido ba. In harsashi ya shiga cibiyar, ruwa ya riƙa sauka a hankali har kwana sittin, gero ya yi, dawa ta yi. In ya same shi a wani wuri dabam, ruwan shekara ya zube a wuni ɗaya. In kuwa aka kuskure shi gaba ɗaya, sai ya yi fushi ya wuce garin Karmantsa, su yi noma, mu je sayen hatsi suna tambayarmu lafiyar maharbinmu.

Baƙo ba ya son ganin doguwar bindiga. Da ya hango ta a kafaɗar mutum sai ya juya. Shi ya sa ake harbinsa da ƙarama, ta hannu, wadda za ta ɓuya a hannun riga. Maharbi ya hau kan ganuwa, ya gaishe shi yadda ake gaida baƙo, ya tambaye shi hanya da gajiya, sannan ya zaro ya harba. Harbi ɗaya tak. Bindigar gidanmu sunanta Gajera. Kakan kakana ya ƙera ta, shi ya yanka mata tsaga a baya, ya dasa mata tsinken ƙarfe a baki. Wannan shi ne saitinta: ka sa tsinke a tsakiyar tsaga, ka ɗora shi a kan abin da za ka harba. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki.

A ta arba'in da ɗayan na sami Baƙo a haƙarƙari. Ruwa ya zube tsakanin hantsi da azahar. Ya tafi da rumfunan kasuwa, da awaki sittin, da Magajin gari a kan gadonsa na kara. Washegari aka sauko da shi daga kan giginya. Da ya bushe sai ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Arzika, idonka ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, iska ce."

"To, in iskar ta sake kaɗawa baɗi, Gajera za ta bar gidanku. Akwai masu ido a gari."

Idona ne. Tsaga, tsinke, cibiya, abu uku ga ido ɗaya. In na ga tsinke sosai, tsaga ta zama hayaƙi. In na ga tsaga, tsinke ya ɓace. Ban faɗa wa kowa ba. Ana saura wata biyar Baƙo ya dawo na ji fatake suna cewa a ƙasashen gabas akwai maƙera masu yi wa bindiga saiti iri-iri, har da wanda makaho zai harba da shi. Na ɗaura wa jaki kaya na fita.

A ƙofar gari na tarar da Cindo a kan nasa jakin. Cindo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mai sayar da kwalli. Yatsa shida gare shi a hannun hagu. Bakinsa kuwa tun muna yara bai taɓa rufuwa ba sai in yana tauna.

Ya ce, "Ina zuwa, makahon gidan kawu?"

"Ziyara."

"Allah ya kai lafiya. Amma jakin nan na maƙwabcinka ne. Naka yana can a turke yana kallon ikon Allah."

Na koma na sauya. Da na dawo ya ce zai bi ni, don kada in je wata ƙasa in tsaya gaida kututture in zubar wa dangi mutunci. Na kora jakina na wuce. Ya biyo ni.

Kwana goma sha tara muka yi a tekun yashi, inda ƙasa ke tashi tana sauka kamar ƙirjin mai barci, jakuna suna amai, Cindo yana ba su labari. Muka fita a birnin Farin Ɗigo. Mutanen can komai nasu uku-uku ne. Kowane ɗaki ƙofa uku, kowace gaisuwa sau uku, ko atishawa mutum ya yi sau biyu sai a tsaya ana jiran ta ukun. Sarkin maƙeransu kakkauran mutum ne cikin farar riga fes, da ɗigon alli uku a goshi.

Na ce masa ina tambayar saiti ne saboda wani abokina da idonsa ya ɗan yi rauni.

Cindo ya ce, "Abokin ma Arzika sunansa. Gida ɗaya suke, riga ɗaya suke sawa."

Sarkin maƙera ya karɓi Gajera, ya ɗiga mata farin fenti biyu a gefe da gefen tsaga, ɗaya a kan tsinke. Ya ce, "Ka jera su a layi, na tsinke a tsakiya, shi ke nan. Ko jariri zai iya. Ko jariri zai iya. Ko jariri zai iya."

Aka kafa ƙwarya a kan turke, taku talatin. Na ɗaga Gajera na ga ɗigo biyar. Na zaɓi uku da na ga sun fi jituwa, na jera su, na danna kunama. Ashe na tsinken ba a tsakiya yake ba, yana can waje ta hagu. Harsashi ya bar ƙwarya lafiya lau, ya fasa tukunyar rini a bayan maƙera. Farar rigar Sarkin maƙera ta koma shuɗiya tun daga wuya.

A garin doka ce saiti ba ya kuskure, mutum ke kuskure. Wanda ya kuskure ana kai shi gidan koyo, ba ya fita sai ya sami ƙwarya sau uku a jere. Na leƙa gidan ta taga na ga wani mai furfura yana jera ɗigo, aka ce da ƙuruciyarsa ya shiga. Dogarai uku suka kama ni.

Cindo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Mu baƙi ne, amma mun ga garinku ba ya karɓar abu ɗaya. Kuskure ɗaya ai ba kuskure ba ne a nan. A bar shi ya cika sauran biyun, sannan a kama shi bisa doka."

Na fara ɗura albarushi. Sarkin maƙera ya dubi rigarsa. Ya dubi zugazugansa, da tulunan matansa a jere, da mahaifiyarsa tana shan iska a gindin bango. Mutane suka fara shiga ɗakuna ta ƙofa uku-uku. Ya ce ya tuna dokar 'yan gari kawai ta shafa. Aka buɗe mana ƙofofin birni duka ukun, muka fita ta ɗaya.

Ɗigo uku ba shi da laifi ga mai ido, yana da sauri. Amma wanda abu uku ya dama, an ƙara masa uku. Na kankare fentin a hanya.

Daga nan muka yi kwana ashirin da shida zuwa Dutsen Rabi, wanda rabinsa na sama rana ba ta barinsa, cikinsa kuwa kogo ne da bai taɓa ganinta ba. Mutanen sama ba sa taka inuwa, sun ce tana kawo ciwon ƙafa. Mutanen kogo ba sa taka haske, sun ce yana kawo mantuwa. Kowane ɓangare da maƙerinsa, su biyun surukai ne, shekara ashirin ba sa magana.

Muka fara da na sama. Nasa saitin tsinken gilashi ne kore, siriri kamar ƙaya. Yana shan hasken rana ta jikinsa ya tara a bakinsa, sai ka gan shi yana ci kamar garwashi. Da na ɗaga Gajera na gan shi tar, ba sai na nema ba. Na harba, ƙwarya ta tarwatse. Rabon da in ji daɗi haka tun ranar da aka ba ni bindigar.

Na ce, "Wannan."

Na juya na dubi Cindo. Ya cire malfarsa ya riƙe a saman bindigar. Garwashin ya mutu, ya koma tsinke kawai.

Ya ce, "Ɗan kawu, a ƙarƙashin me kake harbi?"

Gaskiyarsa. In Baƙo ya tsaya a kan Zangalma, tsakar rana takan koma kamar bayan la'asar sakaliya, kaji har sukan nufi akurki. Na gwada sa Gajera a hannun riga in zaro, tsinken ya karye. Maƙerin ya ce laifin rigar ne.

Muka gangara kogo. Nasu saitin ruwan wani naman kaza ne mai haske, irin mai tsirowa a jikin kogo, ana rufe ɗigonsa a 'yar kwalba kamar ƙwayar gero a dasa a kan tsinke. Ba ya neman rana, da kansa yake ci, maƙerin ya ce shekara goma sha biyu yake yi kafin ya dushe. A cikin duhun nan na gan shi sarai, kore shar.

Na ce, "Ina ƙwaryar?"

Maƙerin ya ce, "Tana gabanka."

"Ba na ganin ta."

"Wannan kuma ba aikin saiti ba ne, Malam."

Na ce ba zan harbi abin da ban gani ba, musamman da yake ina jin numfashin Cindo ta wannan wajen. Da muka matso bakin kogo inda haske ke shigowa, ɗigon ya koma kamar kashin ƙuda.

Kafin mu ɗaura kaya labari ya kai ko'ina cewa baƙon maharbi ya gwada saiti biyun. Na sama suka sauko, na kogo suka fito bakin ƙofa, aka ce sai na faɗi wanda ya fi. In na ce na kogo, na sama za su jefo mu daga kan dutse. In na ce na sama, na kogo suna da rami.

Na ce, "Ni ba a rana nake harbi ba, ba a duhu ba. A tsakani. Ku bari in tsaya a tsakani in gwada."

Akwai wani siririn wuri a jikin dutsen inda haske ke ƙarewa inuwa ba ta gama farawa ba, faɗinsa kamar tabarma. Na sama ba sa taka shi don akwai inuwa a ciki, na kogo ba sa taka shi don akwai haske. Na tsaya a kai na ɗaga Gajera, na ce nan bai yi ba, na matsa gaba. Na sake ɗagawa, na sake matsawa. Cindo yana biye da jakuna. Wurin ya zagaya dutsen ya gangara har bakin hanya. Sai da muka yi nisa suka gane, kowane ɓangare ya tsaya a iyakarsa yana zagin ɗayan.

A wata kasuwa da ke gaba, a garin da kyanwoyinsa suka kai maraƙi girma, wani ya nuna mana zaren haske. Ana ɗaura shi ƙarƙashin bakin bindiga, ya miƙe ja wur ya sauka a jikin abin harbi, inda ya sauka nan harsashi zai bi. Ba tsaga, ba tsinke. Cindo ya ce wannan ne maganin makanta, ya karɓa ya haska bango. Kyanwoyin garin duka suka taso. Ya ruɗe ya sauke hannu, jan ɗigon ya sauka a kan ƙafarsa. Ni dai na ja jakuna gefe. Da aka zaro shi daga ƙarƙashinsu saura wuyan riga kawai a jikinsa. Na mayar wa mai kaya kayansa. Ko ba kyanwa, Baƙo zai ji ɗigon yana yawo a cikinsa tun ban gama tambayarsa gajiya ba, kuma ba a nuna baƙo da yatsa.

Saura wata biyu muka isa Tafkin Gilashi, inda ruwa ya daskare tun zamanin da ba wanda ya sani, kifaye suna nan a ciki a tsaye da bakinsu a buɗe. A bakinsa akwai bukka ɗaya. Mai ita wata tsohuwa ce, Goshi, maƙeriya, ta girme ni da kamar shekara goma. Muka gaisa a taƙaice. Ta karɓi Gajera ta juya ta, ta dube ni.

Ta ce, "Ido?"

Na dubi Cindo. Ya juya yana gyara wa jaki akumari.

Na ce, "Ido."

Ta shiga ta fito da wani abu kamar zobe mai kusurwa, da ɗan gilashi a ciki wanda bai wuce farcen babban yatsa ba. Ƙarƙashinsa akwai ɗan akwatin ƙarfe, a ciki wani ƙwaro ne mai jan haske a gindi. Ta ɗaura shi a kan tata bindigar ta miƙo mini.

"Buɗe ido biyu. Kada ka kalli bindiga. Kalli abin da kake so."

Na kalli ƙwarya. Jan ɗigo ya fito kamar a jikinta yake zaune. Babu abin jerawa. Abu ɗaya, wuri ɗaya. Na harba ta fashe. Aka kafa wata a inuwar bukka, ta fashe. Aka kai wata taku sittin, ta fashe.

Na ce, "Aibinsa?"

"Yana cin zuma, ɗigo ɗaya kullum da safe. In ya ji yunwa ya mutu maka a hannu. In ruwa ya taɓa gilashin, ɗigo ɗaya ya zama goma. In ba ka saba ba, ka zaro ka rasa inda ɗigon yake."

"Shi ke nan?"

"Ba ya zama sai an share tsagar nan."

Na karɓi Gajera na fita. Kwana uku ina zaune a bakin tafki ina kallon kifaye suna kallona. Tsagar nan kakan kakana ya yanka ta. Babana ya sa babban yatsana a kanta ranar da ya ba ni bindigar. Duk wanda ya riƙe Gajera ta cikinta ya leƙa.

A rana ta uku Cindo ya zo ya zauna kusa da ni yana cin gyaɗa. Ya ce, "Ka bar ta yadda take, ɗan kawu. Tsaga mai kyau ce. In an kai ta gidan wani za su riƙa shafa mata mai, kai kuma in ka yi kewarta ka je ka yi sallama a nuna maka."

Na tashi na kai wa Goshi. Da ta ɗauki magagari na juya baya. Ƙarar ba ta daɗe ba.

Sati uku na yi a wurinta ina koyon zarowa daga hannun riga, har ɗigon ya riƙa zuwa inda idona yake ba tare da na neme shi ba. Ta ba ni ɗan tulun zuma. A hanyar komawa na ga zumar tana raguwa fiye da cin ƙwaro. Cindo ya rantse da yatsunsa biyar bai taɓa ba. Na kama na shidan, yana danƙo. Daga ranar tulun a cikin hulata yake kwana.

Muka shiga Zangalma ana saura kwana biyu. Magajin gari ya sa an ɗaure gadonsa da igiya a jikin ginshiƙi. 'Yan kasuwa sun kwashe kaya sun kai kan tudu. Na ga maza uku masu ido suna yawo da sababbin riguna masu faɗin hannu.

Ranar da hantsi Baƙo ya taso. Gari ya yi duhu. Na ba ƙwaro zumarsa, na sa Gajera a hannun riga, na hau ganuwa. A al'adarmu, in maharbi ya hau, kowa sai ya sunkuyar da kai ya yi kamar yana neman wani abu a ƙasa, don kada Baƙo ya ga ana kallonsa ya zargi wani abu. Duk birni ya sunkuya, har Magajin gari.

Na ce, "Baƙo, barka da zuwa."

Ya yi gurnani a hankali.

"Ya hanya? Ya gajiya? Ya mutanen kudu?"

Ya sake gurnani. Na zaro Gajera, ido biyu a buɗe, na kalle shi.

Shekara arba'in da ɗaya tsinke nake kallo, haka aka koya mini. Baƙo kullum wani baƙin abu ne dishi-dishi a bayan tsinke. Ranar na fara ganinsa. Tsoho ne. Gefunansa sun yi furfura, cikinsa ya yi tamoji. Ga tabon bara a haƙarƙari, bai gama warkewa ba. Ga cibiya, jan ɗigo zaune a tsakiyarta.

Na fara jan kunama. Kunamar Gajera tana da 'yar ƙara kafin ta saki, kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Tana yin ƙarar sai na ga Baƙo ya ja jiki, da nishi, ya matsa hagu kamu ɗaya. Ɗigon ya koma kan fatar ciki.

Na saki kunama. Ya dawo inda yake.

Na ce iska ce. Na sake ɗora ɗigon a cibiya, na ja. Ƙara. Ya matsa hagu, kamu ɗaya daidai, ya tsaya yana jira kamar mai tara hannu a jefo masa abu. Na saki. Ya dawo.

Nan na gane. Harsashina hagu yake tafiya, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Shi kuwa ya san da bindigar, ya san ƙarar kunama, ya san inda harsashin zai bi. Shi yake kai cibiyarsa. Bara ko dai karkatata ta ƙaru, ko shi ya makara, mu biyun ba yara ba ne.

Daga ƙasa na ji muryar Magajin gari, kansa a sunkuye. "Arzika, wuyanmu fa."

Na tsaya da bindiga a hannu. In na sa ɗigon a cibiya, yadda na yi tafiyar wata biyar na share tsagar kakan kakana don in iya, zai matsa in same shi a ciki, ruwa ya sake tafiya da gari. In na ɗaga murya na ce masa ya tsaya wuri ɗaya yanzu ina gani, duk Zangalma za ta ji, gobe a ce ashe ko wa aka ba bindigar zai iya. Baƙo ya yi wani gurnani mai kama da gyaran murya.

Na ɗauke jan ɗigon daga cibiya. Na kai shi hagu kamu ɗaya, inda babu komai sai baƙar fata. Wannan ne saiti mafi kyau da na taɓa riƙewa, na auna wurin da ba daidai ba da shi, a tsanake. Na ja kunama. Ƙara. Cibiya ta taho ta zauna ƙarƙashin ɗigon. Gajera ta yi magana.

Ruwa ya fara sauka siriri, a hankali, irin mai shiga ƙasa.

Mutane suka ɗago suna murza wuya. Magajin gari ya hau ganuwa da kansa, ya dubi gilashin ya dubi ƙwaron, ya ce lalle ƙasashen gabas sun ci gaba. Ya ce Gajera tana nan a gidan Tunau. Masu sababbin riguna suka tafi gida cikin ruwa.

A matakala na tarar da Cindo yana jirana, jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Na ɗaga kai."

"Na sani."

"Tun yaushe yake yi maka aikin?"

"Ban tambaye shi ba."

"Wata biyar. Kyanwoyi sun cinye mini riga. Ashe da mun zauna a gida mun aika masa goro." Ya matse bakin rigarsa. "Ba zan faɗa ba. Wa zai yarda da mai kwalli? Amma baɗi in ka hau, ka ƙara masa gaisuwa. Wannan 'ya hanya, ya gajiya' taka ta yi kaɗan."

Na ƙara. Yanzu har lafiyar haƙarƙarinsa nake tambaya.

Maƙera suna zuwa daga garuruwa suna tambayata wane saiti ya fi. Ina gaya musu abin da na gani: ɗigo uku na mai ido ne, gilashin rana na mai rana, na kogo na mai duhu, zaren haske na garin da ba kyanwa, jan ɗigo na tsoho mai zuma. Iyakar abin da nake gaya musu ke nan.

Sauran kuwa na cikin takardar nan ne, ita kuma a jakar Gajera take zama. Kai da za ka karɓe ta bayana, ko idonka ya kai na shaho, ka sa ɗigon kamu ɗaya hagu da cibiya. Kada ka gyara masa. Ya tsufa, kuma yana son a bar shi ya taimaka.

Nan maganata ta tsaya. Allah ya ba mu damina mai albarka.